Sassaben Zamani: Yadda Dajin Maraɗi Ya Tofo Daga Kututture

Yaran yanzu da ke ganin gawo da kalgo tsaye a gonakin Aguie da Tasawa suna zaton haka aka same su tun fil azal. Ba haka ba ne. Tarihin nan bai wuce shekaru arba'in da 'yan kai ba, kuma ya kamata mu riƙa tuna shi.

Tun zamanin Turawa, dokar gandun daji ta 1935 ta mayar da icce mallakar hukuma. Bayan samun 'yanci ma, dokar 1974 ba ta sauya wannan ba. Manomi zai iya shan tara a kan iccen da ya tsiro cikin gonarsa, to me zai sa ya rene shi? Ga kuma noman gyaɗa da ya koya mana cewa manomin kirki shi ne mai gona fetal. Kowace bazara sai mu sassabe kome, mu tara, mu banka wuta. Da farin shekarun 1970 ya zo, ƙasa ta zama tsirara. Iska na binne shuka da rairayi, har mutum ya shuka hatsi sau uku ko huɗu a damana ɗaya.

An gwada dashe. An kafa gandunan renon itatuwa, an raba bedi da turare. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, layukan bedi da aka fara dasawa a 1975 sun kama, sun tare iska. Amma a wurare da yawa dashen bai kai labari ba: rani, awaki da gara suka gama da shi.

A 1983 ne Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura da abin da ke gaban idonmu kullum. 'Yan kunƙurmin ganyen da muke sarewa kowace shekara tofon kututturen itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu na nan da rai, sun riga sun nutsa inda damshi yake. Dabarar ba ta da wuya: a zaɓi rassa masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a aske sauran, a tsare su. Da yake saiwa ta girma tuni, sabara ko kalgo na tashi da saurin da dashe ba zai taɓa yi ba.

Mutane kaɗan suka yarda da farko, aka yi ta yi musu dariya. Sai yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari, ta sa aka haɗa aikin da rabon cimaka a ƙauyuka da dama. Da rabon ya ƙare, mafi yawan itatuwan aka sake sare su. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga amfani: itacen girki a kusa, abincin dabbobi, hatsi ya yi kyau. Daga nan maƙwabci ya koya daga maƙwabci. A Dan Saga har kwamitin tsaron itatuwa aka kafa. A Magarya, Matamai da Mirya gawo ya dawo da yawa, iccen da ke zubar da ganyensa da damana ya ba hatsi rana da taki. Dokar 2004 ta ƙara wa manomi ƙarfin gwiwa.

Hotunan tauraron ɗan adam sun nuna wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. A 2018 Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Yau birane na ƙara girma, kuɗin ice da gawayi na jan hankali, ana saran dare a gonakin mutane. Kututture na tofowa ne muddin saiwa na da rai. Wanda aka tuge ko aka ƙona gindinsa ya tafi ke nan. Sassaben bana na tafe. Kafin mu ɗaga gatari, mu duba abin da ke tofowa. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.