Ma'aji

Kalmar ma'aji ta samo asali daga "ajiye", wanda Kabawa da Sakkwatawa ke cewa "aje". Da aka ɗora mata "ma-" a gaba, kamar maɗinki da maƙeri, sai ta zama sunan mai aikin. A zamanin En'e, Ma'aji ne ke riƙe da baitulmalin masarauta irin ta Gwandu, wadda Bagudo ke ƙarƙashinta.

Aikin dai ya girmi ofis. Falken da zai tsallaka ƙasar Benin daga Bagudo ta Tsamiya ya nufi Segbana kan bar kaya ko kuɗi a hannun mai masaukinsa. Ajiya ce, ba bashi ba, don haka ba a taɓa ta.

Wannan amana ce manyan bankuna suka mayar sana'a. Bankin BNY, wanda Alexander Hamilton ya kafa a New York a 1784, yana adana hannayen jarin wasu, yana karɓar musu riba, wani reshensa kuma yana juya dukiyar masu zuba jari.

Najeriya ta raba ayyukan biyu, kuma ta kyauta. Tun dokar fansho ta 2004, kamfanin da ke juya kuɗin fanshon ma'aikaci daban, ma'ajin da ke riƙe da su daban.