Amsoshin Takardunku: Emerson da Zancen Amincewa da Kai

Wani mai sauraronmu ya aiko da takarda yana tambaya, wai wane ne Emerson da ya ce mutum ya amince da zuciyarsa, kuma masana na yau sun gaskata shi?

To malam, Ralph Waldo Emerson Ba'amurke ne, an haife shi a birnin Boston a 1803, ya rasu a 1882. Da can limamin coci ne, amma a 1832 ya ajiye aikin, saboda ransa bai kwanta da wata ibada da yake jagoranta ba. A 1841 ya fitar da rubutunsa kan dogaro da kai. A ganinsa bin yarima a sha kiɗa shi ke kashe basirar mutum, gara ya saurari abin da zuciyarsa ta gaya masa ko da kowa ya saɓa.

A nan kam masana halayyar ɗan Adam sun ba shi gaskiya. A 1951 wani masani, Solomon Asch, ya riƙa zaunar da mutum cikin wasu da aka haɗa baki da su, a nuna musu layuka a takarda, a ce wanne ya yi daidai da wanne a tsawo. Sai 'yan haɗin bakin su ba da amsar ƙarya da gangan. Ka san abin mamaki? Kusan mutum 3 cikin 4 sun bi su aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu na ganin gaskiya. Kai da ke cin kasuwa ka san irin wannan, ranar da kowa ya ce hatsi zai faɗi. Amma da aka sa mutum guda ya faɗi gaskiya, sai biyewar ta ragu ƙwarai.

Inda suka rabu da Emerson shi ne wajen asalin amincewar. A 1977 Albert Bandura ya nuna yawanci daga aikin da mutum ya gwada ya ci nasara take tsirowa. Ya yi aiki da masu tsoron maciji, suna matsawa kusa da shi sannu-sannu har wasu suka riƙe shi da hannu.

Kuma zuciya takan yi ruɗi. A 1999 David Dunning da Justin Kruger na jami'ar Cornell sun jarraba ɗalibai, suka tarar waɗanda suka fi faɗuwa su ne suka fi kai kansu inda ba su kai ba, har suna zaton sun wuce rabin 'yan'uwansu.