Kwana Huɗu a Ƙasar Ribaɗi

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihi a ƙasar nan ya san Sakkwato ce cibiyar Daular Usmaniyya. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, a shekaru masu yawa na ƙarni na 19 Sarkin Musulmi ba a Sakkwato yake kwana ba. A Wurno yake zaune, can manzannin sarakunan Kano da Zazzau da Bauchi suke iske shi da wasiƙu da gaisuwa. Tun ina jami'a nake tambayar kaina abin da zai sa mai mulkin ƙasa mai faɗin haka ya bar babban birninsa ya koma bakin iyaka, inda abokan gaba suka fi kusa. Da hutun ƙarshen shekara ya zo, hunturu ya kankama, sai na ware kwana huɗu na je na gani da idona.

Daga Sakkwato tafiyar kimanin awa guda ce, arewa maso gabas. Garin yana kan tudu, fadamar gulbin Rima kuwa tana shimfiɗe a ƙarƙashinsa, kore shar da albasa da tafarnuwa, alhali ko'ina ya bushe ƙurmus. Hazo ya hana ni hangen nesa, amma ko da hakan na gane dalilin zaɓen wurin: wanda ya tsaya a kan tudun nan yana tsare da kwarin da ya gangaro daga ƙasar Gobir zuwa Sakkwato.

Da Shehu Usmanu ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya gaji daular da ba ta gama zama ba. Alƙalawa ta faɗi tun 1808, amma Gobirawa ba su haƙura ba. Sun sake haɗa ƙarfi, suna samun taimakon Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa, hari kuma ta wannan kwari yake biyowa. Bello ya lura rundunar da ake tarawa da rani, ta watse da faɗuwar damina kowa ya koma gonarsa, ba za ta tsare iyaka ba. Sai ya ɗauko tsohuwar dabarar da ya karanta a littattafan magabata, wato ribaɗi: a gina gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mutane da iyalansu, su yi noma, su yi karatu, su yi sana'a, su kuma zama masu gadi. Ya fara zama a Magarya, daga baya, wajen ƙarshen shekarun 1820, ya kafa Wurno. Ya rarraba 'ya'yansa da 'yan'uwansa a wasu ribaɗoɗin, irin su Rabah da Gandi da Isa. Ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, ya samar musu masallatai da malamai.

Abin da ya fi kama ni shi ne bai aika wasu bakin daga shi ya zauna a inuwa ba. A 1836 ya jagoranci yaƙin Gawakuke, inda ya karya taron dangin Gobirawa da abokansu. Shekara guda bayan haka, a 1837, ya rasu a Wurno, a nan aka yi masa sutura. Malamai suna kawo cewa wanda ajali ya riska yana ribaɗi ladansa ba ya yankewa, kuma masana da dama suna ganin wannan yana cikin abin da ya riƙe shi a garin. Na ziyarci hubbarensa da hantsi. Wuri ne marar ƙawa, shiru, sai 'yan ziyara jefi-jefi. Wani dattijo da ke zaune a bakin ƙofa, ya duƙunƙune cikin bargo, ya tambaye ni daga ina. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya ce, "Ɗana, mafi yawa addu'a suke zuwa yi, kai ka zo da littafi." Na ce, "Baba, zan haɗa duka biyun." Ya yi dariya, ya nuna mini inda zan ajiye takalmi.

Sai dai adalcin tarihi bai yarda a tsaya ga yabo kaɗai ba. Ba duk mazauna ribaɗi ne suka zo da ƙafarsu ba. Akwai bayi da fursunonin yaƙi da aka zaunar, da guminsu aka ɗaga ganuwa, aka share gonaki. Kuma abin da Sakkwato ke kira tsaro, Bagobirin wancan zamani kallon mamaya yake yi masa. Wanda ya taɓa zama da dattawan Sabon Birni ya san nasu labarin da ɗan bambanci. Ribaɗin ma bai kawo kwanciyar hankali dindindin ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka a Wurno a 1853, zamanin Aliyu Babba ɗan Bello, ya tarar da mutane cikin fargabar harin Gobirawa. Amma a wannan yanayin ne ya haɗu da malamai irin su Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda zurfin iliminsa ya burge shi ƙwarai. Gari ne da tsoro bai rufe makarantunsa ba. Wannan kaɗai ya ishe ni in girmama shi.

Wurno ta ci gaba da zama mazaunin wasu sarakunan Musulmi har ƙarshen ƙarnin. Nan Joseph Thomson ya iske Umaru ɗan Aliyu a 1885, ya koma da takardar yarjejeniyar da Ingilishi suka yi ta kafa hujja da ita daga baya. Da Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a watan Maris na 1903, iyaka ta koma layin da Ingila da Faransa suka shata, sarauta ta tattara a Sakkwato, Wurno ta zama garin hakimi, Sarkin Sudan.

Rabah wuni ɗaya na yi mata. Tana kudu da Wurno, a bakin gulbin Sakkwato, kuma sunanta ya fi girmanta. Daga nan Abubakar Atiku ɗan Bello ya hau gadon Sarkin Musulmi a 1873, shi ya sa ake ce masa Atiku na Rabah. Jikansa shi ne Ahmadu Bello, wanda aka haifa a garin, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya dawo ya zama hakimin Rabah a 1934, kafin ya zama Sardauna kuma Firimiyan Jihar Arewa. Ganin garin sai na fahimci dalilin da ya sa mutumin yake kallon mulki a matsayin rangadi, ba zaman ofis ba. Gidan da ya fito aikinsu ke nan tun kaka da kakanni.

A Goronyo kuwa tarihin na kwanan nan ne. Madatsar ruwan da aka kammala a kan gulbin Rima a 1984, aka ƙaddamar a 1992, an gina ta ne ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, don noman rani da kuma shayar da Sakkwato da Birnin Kebbi. A wani ɓangaren cigaban tunanin Bello ne: ka ba mutum ruwa da gona, zai zauna, wanda ya zauna kuwa shi ke tsare ƙasa. Na ga manoma sun yi sammako cikin sanyi suna ban-ruwa, buhunan albasa jibge a bakin hanya suna jiran mota. Amma a kasuwar garin nan ce 'yan bindiga suka buɗe wuta ranar Lahadi, 17 ga Oktoba, 2021, suka kashe fiye da mutum 40. A Gandi ma, tsohon ribaɗin Bello, a 2018 makaranta ce ta koma sansanin mutanen ƙauyukan da aka kora daga gidajensu. Kwarin da aka gina Wurno don tsarewa ya sake zama bakin daga, sai dai a wannan karon maharan ba su da tuta, masu mulki kuma daga Sakkwato da Abuja suke aiko da ta'aziyya.

Na so in wuce Sabon Birni in ga kufan Alƙalawa, in ji labarin daga bakin Gobirawa a ƙasarsu. Direban da na yi shata, mutumin Goronyo ne, ya girgiza kai tun kafin in rufe baki. Ya ce, "Malam, ko nawa za ka ba ni, ba ni bin hanyar nan da marece." La'asar ba ta yi ba muka juyo, motoci sun jeru a bayan juna, kowa yana sauri ya wuce daji kafin rana ta faɗi.