Daga Gidan Magajiya Zuwa Dokar 2014: Tarihin Inda 'Yan Daudu Suke Taruwa

Ga rubutun shirinmu na wannan mako ga waɗanda data ba ta bari sun saurara ba. Batun yau mai nauyi ne, na kuma san wasu za su fara buga mini martani tun kafin su kai sakin layi na biyu. Ku yi haƙuri ku kai ƙarshe. Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan fagen malamai ne, kuma hukuncin luwaɗi a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Tarihi na zo da shi.

A birnin New York na Amurka akwai wata cibiya ta masu neman jinsi da aka kafa a 1983, inda ake taruka ana gayyato baƙi su yi jawabi. A nan ne a watan Maris na 1987 marubuci Larry Kramer ya yi jawabin da ya haifar da ƙungiyar ACT UP, wadda ta matsa wa gwamnatinsu lamba kan maganin cutar ƙanjamau. Idan matasanmu suka ga irin wannan a intanet sai su ce ai harkar gaba ɗaya kayan Turawa ce. Cibiya mai allo a ƙofa da jadawalin baƙi, gaskiya ne, ba mu taɓa yin ta ba. Amma wurin taruwa na maza masu ɗabi'ar mata ya daɗe a ƙasar Hausa, kakanninmu kuma sun san shi.

Mu fara da sunan. Daudu sarauta ce, kuma masana da yawa suna danganta 'yan daudu da Ɗan Galadima, iskan bori ɗan sarki mai son ado da kyauta da caca, wanda ake yi wa laƙabi da Daudu. Dandalin bori na daga cikin 'yan wuraren da namiji zai yi rawa ko ya yi magana irin ta mata ba a kore shi ba. A nan sai a kula: ɗan daudu a Hausar asali shi ne namiji mai kwaikwayon mata a magana da tafiya da sana'a. Ba kowane ɗan daudu ne ɗan luwaɗi ba, kuma ba kowane ɗan luwaɗi ne ɗan daudu ba. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna sallah, sun je Makka.

Wuri na biyu, kuma mafi muhimmanci, shi ne gidan mata, wato gidan da mata masu zaman kansu suke haya ƙarƙashin Magajiya. Renée Pittin ta yi bincike kan irin waɗannan gidaje a Katsina a shekarun 1970, Gerald Kleis da Salisu Abdullahi kuma suka wallafa nasu kan 'yan daudun Kano a 1983. Hoton da ya fito kusan ɗaya ne. Ɗan daudu yana zaune a gidan ko a kusa da shi, yana dafa abinci yana sayarwa, wani lokaci yana kawalci tsakanin matan da maza masu zuwa. Yaron da aka koro daga ƙauye saboda yadda yake tafiya ko yadda yake magana, idan ya sauka a tasha, can ake nuna masa. Sai wani babba ya ɗauke shi a matsayin 'yar ɗaki, shi kuma ya zama uwar ɗakinsa, ya koya masa suyar kaza da tuƙin tuwo da lissafin ciniki, ya ba shi wurin kwana. Ba na cewa gidajen nan aljanna ne. Akwai cuta a ciki, akwai manyan da suka ci gumin yara. Sai dai ga wanda danginsa suka rufe wa ƙofa, wannan ita ce ƙofar da ta rage a buɗe.

Mu mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, wannan labarin namu ne ma. Har zuwa 27 ga Agusta 1991 cikin jihar Kano muke, kuma duk wanda garinsu ya yi masa zafi hanyar Kano yake kamawa. Ku tambayi dattawan direbobin hanyar Kano zuwa Daura su waye suke sayar da abinci mafi daɗi a manyan tashoshi a zamaninsu. Za su yi murmushi kafin su ba ku amsa.

Sai kuma biki, wanda shi ne ya fi kama da abin da yau ake kira taron al'umma. Ɗan daudu ko wata mai zaman kanta takan shirya biki, a raba katin gayyata, a kira makaɗa, ƙawaye su zo daga wasu garuruwa, a yi rawa a yi liƙi. Kuɗin da aka liƙa maka bashi ne, ranar bikin wani sai ka rama. Da shi ake tada jari ko a fita daga wata matsala, kamar dai adashi. Baƙon da ake ji da shi a irin wannan taro shi ne wanda ya dawo daga Jidda da kaya da labari. Rudolf Gaudio, Ba'amurken da ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya rubuta wannan a littafinsa Allah Made Us na 2009, har da habaicinsu da yaren harka da suke ɓoye zance da shi a gaban bare. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba a ɓoye ake bikin ba. A fili ake yi, 'yan unguwa suna kallo. Ana yi musu dariya, ana zaginsu, amma ana cin abincinsu.

To me ya canza? Wa'azi a kansu ya daɗe, amma shekarar 2000 ce ta juya al'amura. Zamfara ta fara aiki da shari'a a Janairu, Kano ta ƙaddamar a Yuni, Jigawa a Agusta. Aka rufe gidajen mata, masu gidajen haya suka kori 'yan haya, kiɗan biki ya koma laifi. A 2003 Kano ta kafa hukumar Hisbah da doka. Wasu suka koma garuruwan gefen Abuja, wasu suka aske kamanni suka yi shiru. Tsallaka iyaka ma bai zama mafita ba, don a Nuwamban 2000 masu zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA sun far wa mashaya da gidajen mata a Maraɗi.

Daga nan tarihin taron ya koma tarihin kame. A Agustan 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi bisa zargin shigar mata. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, kuma mutane suna tuna shekara 14 ta aure, suna manta sashen da ya tanadi shekara 10 ga duk wanda ya kafa ƙungiya ko kulob na masu neman jinsi, ko ya shiga, ko ya goyi bayan taronsu. Wato zama a ɗaki ɗaya ma ya isa. A Afrilun 2017 an kama mutum 53 a Zariya, a Disamban 2022 Hisbah ta kama 19 a Kano, a Oktoban 2023 jami'an sibil difens suka kama 76 a Gombe. Kusan kullum sanarwar ɗaya ce, wai auren jinsi ake ɗaurawa. Mu kuma a Facebook mukan yanke hukunci da hoto kawai, tun alƙali bai buɗe fayil ba, mu yi ta yaɗa fuskokin 'ya'yan mutane.

Akwai wani sakamako da ya shafi har wanda ba ruwansa da harkar. Ma'aikatan lafiya masu yaƙi da ƙanjamau ta wuraren taruwa suke samun mutane su yi musu gwaji su ba su magani, kuma su ne kusan baƙi masu jawabi na ƙarshe da suka rage wa waɗannan mutane. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a mujallar Lancet HIV a 2015, ya gano cewa a cikin maza masu neman maza da aka tambaya, masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 cikin ɗari kafin dokar zuwa kashi 38 bayanta. Ku haɗa wannan da abin da na faɗa a baya, cewa da yawansu magidanta ne. Wanda ya ji tsoron gwaji bai sha magani ba, gida zai koma wurin matarsa, ita kuma ba ta san hawa ba ta san sauka ba, ga kuma jaririn da za ta haifa.

Wanda yake da dattijo a gida da ya yi zaman tasha ko ya yi fatauci a Kano kafin 2000, ya tambaye shi ya rubuto mana abin da ya gani da idonsa, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.