Yadda Ake Cire Manhajar Kallon Bidiyo Daga Kwamfuta Baki Ɗaya

A unguwar Shehuri da ke daura da fadar Shehun Borno a Maiduguri, kamar sauran biranen Arewa, akwai matasan da abincinsu ya dogara ga kwamfuta, wato masu tura wa jama'a fina-finai da waƙoƙi da karatun malamai a waya. Da zarar manhajar kallo ta fara sarƙewa, ko hoto ya fito babu murya, ciniki ya tsaya. Akasari sukan goge ta su sake sakawa, amma sau da yawa matsalar takan dawo.

Dalili kuwa shi ne, cirewa ta yau da kullum takan bar saitin manhajar a ɓoye, sai sabuwar ta gaji lalataccen saitin tsohuwar. Alal misali, VLC ta ƙungiyar VideoLAN da ke Faransa, wadda aka saki kyauta ga kowa a 2001, tana adana saitinta a fayil mai suna vlcrc, daban da inda ita kanta take zaune.

Matakan cire VLC a Windows

1. A rufe manhajar, a duba Task Manager don tabbatar da cewa ta tsaya.
2. A shiga Control Panel, sannan Programs and Features, a zaɓi VLC, a danna Uninstall. A sa alama a kan zaɓin “Delete preferences and cache”.
3. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta %APPDATA%, a goge folda mai suna vlc idan tana nan. Haka ma foldar VideoLAN da ke cikin Program Files.
4. A kashe kwamfutar a kunna, sannan a sauko da sabuwa daga shafin VideoLAN kaɗai, domin kwafin da ke yawo a filash kan zo da ƙwayar cuta.

Ita kuwa Windows Media Player ta asali, ɓangare ce ta Windows, don haka kashe ta ake yi daga “Turn Windows features on or off”, ƙarƙashin Media Features.

Abin lura

Waɗannan matakai ba sa taɓa bidiyon da aka ajiye a wasu foldoji. Sai dai wanda bai ƙware ba kada ya taɓa Registry, domin kuskure ɗaya na iya hana kwamfutar tashi. Idan matsalar ta ci gaba, a gwada bidiyon a wata na'ura: ko dai fayil ɗin ne ya lalace, ko direban sauti ko na hoto ke buƙatar sabuntawa.