Yadda Kwastam ɗin Turai Ya Koyi Tantance Kayan Rediyo da Kwamfuta

Har zuwa shekarun 1970, aikin kwastam a yawancin ƙasashe ya dogara ne ga gogewar jami'i, wanda yake karɓar takardar bayanin kaya, wato takardar da mai shigo da kaya ko wakilinsa yake faɗin irin kayan da yawansu da kuɗinsu da ƙasar da suka fito, sannan ya yanke shawarar a buɗe kwali ko a bar shi ya wuce. Da kwamfuta ta shigo, hidimarta ta farko ita ce lissafin kuɗin fito da tara ƙididdigar ciniki, kamar yadda ya faru da manhajar ASYCUDA, wadda hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara ginawa a 1981 bisa roƙon ƙungiyar ECOWAS. Daga baya ne aka ƙara tsarin layuka da ma'aikata suka saba da shi a yau, inda koren layi ke nufin kaya su wuce, rawaya ke nufin a duba takardu, ja kuma ke nufin a buɗe kayan a gani da ido.

Abubuwa biyu suka ba wannan tsari ƙarfi. Na farko shi ne jadawalin lambobin kaya na duniya da ya fara aiki a 1988, wanda ya bai wa kowane nau'in haja lamba, har wayoyin salula da na'urorin rarraba intanet suka faɗa ƙarƙashin 8517, na'urorin rada da na gano hanya da na sarrafa abu daga nesa kuma ƙarƙashin 8526. Na biyu shi ne harin 11 ga Satumba 2001, wanda ya sa Amurka ta wajabta a aiko mata da bayanin kwantena awa 24 kafin a loda ta a jirgi, Hukumar Kwastam ta Duniya ta fito da tsarin SAFE na tsaron jigilar kaya a 2005, Tarayyar Turai kuma ta wajabta bayanin kafin isowa daga 2011. Sai dai abin da ake farauta a lokacin shi ne bam da fasa-ƙwauri, kayan rediyo kuwa ba wanda ya sa su a gaba.

A ɓangaren dokar rediyo, Turai ta riga ta canza hanya tun 1999, lokacin da ta daina tilasta wa masana'antu neman amincewar hukumar kowace ƙasa kafin sayarwa, ta bar musu su tabbatar da ingancin kayansu su manna alamar CE, sa ido kuma ya koma kasuwa da bakin iyaka. Wata dokar Tarayyar ta 2008 ta ba kwastam ikon riƙe kayan da ake zargi kwana uku na aiki domin hukumar sa ido kan kasuwa ta duba, dokar kayan rediyo ta 2014 ta fara aiki a 2016, sannan dokar 2019 ta ƙara wa'adin riƙewar zuwa kwana huɗu.

A nan ne masu aikin suka ci karo da matsalar da har yanzu take damun su, domin abin da ke mai da na'urar rediyo haɗari ba ya cikin takardar bayanin kaya. Takardar ba ta faɗin zangon da na'ura ke watsa saƙo a kai, ko ƙarfin watsawarta, ko yawan makamashin da jikin mai riƙe da ita ke sha, wanda a Turai aka ƙayyade shi ga wat biyu a kowane kilo na jiki a kai da gangar jiki. Ƙaramar na'urar toshe siginar GPS, wadda ake soka ta a ramin kunna taba na mota, takan shigo da sunan kayan haɗin mota, alhali tana iya rikita duk na'urorin gano hanya da ke kusa da ita. Haka nan na'urar Wi-Fi mai aiki a zangon gigahaz 5, idan an kashe mata dabarar kauce wa rada, takan zana dogon layi a allon masu hasashen yanayi, kuma lambarta ta kwastam ɗaya ce da ta halal.

Saboda haka ƙa'idojin tantancewar suka koma bin sawu. Kwamfuta tana auna sunan mai aikowa da tarihinsa, da farashin da ya yi arha fiye da ƙima, da bayani mai hazo irin su "kayan lantarki", tana kuma haɗa su da sanarwar kayayyaki masu haɗari da ƙasashe ke musanyawa ta dandalin Safety Gate. Ana kuma zaɓen wasu kaya haka siddan a buɗe, domin ta haka ne kawai ake gane abin da ƙa'idojin suka bari ya sulale, kuma ƙwararru sun yarda cewa ƙa'idar da ba a mayar mata da sakamakon bincike ba takan tsufa da wuri.

Cinikin intanet ya ƙara tsananta lamarin, tunda maimakon kwantena guda mai dillali sananne, sai ga ƙananan ƙunshi kimanin biliyan 4.6 masu daraja ƙasa da yuro 150 sun shiga Tarayyar a 2024, mafi yawansu daga Sin. Tsarin ICS2 na karɓar bayanin kaya kafin isowa, wanda ya fara da saƙonnin gidan waya da na kamfanonin gaggawa a Maris 2021, da sharaɗin da ya fara aiki a Yulin 2021 cewa dole kayan rediyo su sami mai ɗaukar alhakinsu a cikin Tarayyar, duk yunƙuri ne na inganta bayanin da ake ciyar da kwamfuta. Kwamfuta dai ta rage wa jami'i yawan kwalayen da zai buɗe, amma hukuncin ko na'ura tana da haɗari yana nan a hannun injiniyan ɗakin gwaji.