Jirgin Da Ya Faɗi A Hamadar Libiya: Tarihin Da Ke Bayan Wani Ƙagaggen Labarin Ingila

A shekarar 1964 aka buga wani ƙagaggen labari a Ingila mai suna The Flight of the Phoenix, na Elleston Trevor, wanda ya yi aiki a rundunar sojan sama ta Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Labarin ba shi da rassa da yawa. Wani jirgin ɗaukar kaya ne ya taso da ma'aikatan haƙar man fetur a hamadar Libiya, guguwar rairayi ta kautar da shi daga hanya, ya faɗi inda ba wanda zai yi tunanin neman sa. Waɗanda suka tsira suka duba ruwan da ya rage, suka ƙirga kwanakinsu. Sai wani fasinja ya ce zai iya fitar da ƙaramin jirgi daga tarkacen babban. Suka yi ta aiki da dare saboda zafin rana, kuma sai da aikin ya kusa ƙarewa aka gane cewa mutumin nan ƙananan jiragen wasa yake tsarawa, bai taɓa ƙera wanda ya ɗauki ɗan Adam ba. An samo sunan littafin daga wani tsuntsu na tatsuniyoyin mutanen da, wanda yakan ƙone ƙurmus sannan ya sake tashi daga tokarsa.

Mai nazarin adabi yakan tsaya a kan jigon jimiri, da takaddamar da ke tsakanin tsohon matuƙi mai tinƙaho da gogewa da matashi mai tinƙaho da lissafi. Hakan daidai ne. Sai dai akwai tambayar da ta riga waɗannan: me ya kai hafsan sojan Birtaniya da sajansa, da tarin Turawa ma'aikatan mai, sararin samaniyar wata ƙasar Afirka mai 'yancin kanta? Mai karatu a Ingila a 1964 ba ya buƙatar bayani, domin a wurinsa al'amari ne na yau da kullum. Mai karatu a Kano ko Maraɗi kuwa sai ya koma baya da shekara hamsin kafin ya gane.

A Libiya aka fara jefa bam daga jirgin sama a tarihin yaƙi. Ranar 1 ga Nuwamba 1911 wani matuƙin Italiya, Giulio Gavotti, ya saki 'yan ƙananan bama-bamai da hannunsa a kan sansanin Turkawa kusa da Tarabulus. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sai Birtaniya ta gano cewa jirgi ya fi bataliyar soja araha wajen riƙe ƙasa mai faɗi. Ta gwada hakan a ƙasar Somaliya a 1920 a kan Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, ta kuma mayar da shi tsarin mulki a Iraƙi. A cikin wannan yanayi ne labaran jarumtar matuƙa jirgi suka fara kasuwa a Ingila, irin su Marazan na Nevil Shute da ya fito a 1926. Shekara guda kafin nan, ranar 1 ga Nuwamba 1925, jiragen soja uku da suka taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham suka sauka a Kano. Adabin da mulkin tare suka girma, kuma daga sama dukkansu suke kallon Sahara.

Fazan, wato kudu maso yammacin Libiya, ta shiga lissafin Birtaniya sosai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Janairu 1941 wata ƙaramar runduna mai sintiri da motoci a hamada ta taso daga Masar, ta haɗu da 'yan sojojin Faransa da suka fito daga Chadi, suka auka wa filin jirgin Italiya da ke Murzuk, suka ƙone rumfar jiragen da abin da ke cikinta. A nan aka kashe jagoran Faransawan, Kanar d'Ornano. Bayan shekara biyu, a Janairu 1943, Janar Leclerc ya hauro daga Chadi ya kama Fazan baki ɗaya. Babbar ganuwar da Italiya ta gina a kan tudu a Sabha, wadda har yau ita ce alamar garin, aka sauya mata suna zuwa na Leclerc. Da yaƙi ya lafa Libiya ta kasu uku: Birtaniya na riƙe da yankin Tarabulus da na Barƙa, Faransa na riƙe da Fazan, Sabha kuma ce mazaunin mulkinta.

Faransa ba don dabino ta nace wa Fazan ba. Yankin shi ne gadar da ta haɗa Aljeriya da Tunisiya da Chadi, kuma filayen jirgin Sabha da Gat da Gadamus su ne matakalar gadar. A 1949 ministan harkokin wajen Birtaniya, Bevin, da na Italiya, Sforza, suka shirya a raba riƙon ƙasar tsakanin Birtaniya da Italiya da Faransa na wasu shekaru. Mutanen Tarabulus suka yi zanga-zanga, shirin ya sha ƙasa a Majalisar Ɗinkin Duniya, majalisar kuma ta yanke cewa Libiya ta sami 'yanci. Ranar 24 ga Disamba 1951 Sarki Idris na gidan Sanusiyya ya hau mulkin tarayya mai jihohi uku, Fazan kuma ta kasance a hannun Ahmad Saif al-Nasr na ƙabilar Awlad Sulaiman.

'Yancin ya zo wa ƙasar hannu rabbana. Cikin manyan abubuwan da take sayarwa waje har da wata ciyawa da ake yin takarda da ita, da tarkacen ƙarafan da yaƙi ya bari. Abin da ke gare ta mai tsada shi ne fili da sararin sama, su kuwa ta bayar haya. A 1953 ta ƙulla yarjejeniyar shekara ashirin da Birtaniya, wadda ta ba ta damar ajiye soja da amfani da sansanin jiragen El Adem kusa da Tubruk, a madadin tallafin kuɗi. A 1954 Amurka ta sami irin wannan a sansanin Wheelus kusa da Tarabulus. Faransa ce kaɗai ba ta samu yadda take so ba. Yaƙin Aljeriya ya ɓarke a Nuwamba 1954, ba kuma gwamnatin Larabawan da za ta iya kare zaman sojan Faransa a ƙasarta a irin wannan lokaci. Aka yi yarjejeniya a 1955, sojojin suka bar Fazan a 1956. Hafsan da ke cikin jirgin Trevor, mai ba da umarni a tsakiyar rairayi kamar yana filin fareti, ɗan yarjejeniyar 1953 ne.

Sauran fasinjojin kuwa dokar man fetur ta 1955 ce ta kawo su. An yanka ƙasar gunduwa-gunduwa aka raba wa kamfanoni da yawa. Da Faransawa suka tono mai a Edjeleh a 1956, a Aljeriya dab da iyakar Fazan, idon masu nema ya fara karkata yamma, amma babbar rijiyar da ta sauya ƙasar kamfanin Esso ne ya same ta a Zaltan a 1959, aka fara fitar da mai ta Marsa Brega a 1961. Sansanonin haƙa suna da nisan ɗaruruwan kilomita daga kwalta. Abinci da kayan gyara da wasiƙu da ma'aikatan da za su tafi hutu, da yawansu jirgi ne ke jigilar su.

Masu neman man nan ne kuma suka tono wani labari da ya girgiza jaridun Turai da Amurka. A 1958 wasu 'yan Birtaniya masu binciken ƙasa suka hango wani jirgin yaƙin Amurka kwance a hamadar gabashin Libiya. Sunansa Lady Be Good, ya ɓace tun Afrilu 1943 da mutum tara, bayan ya wuce sansaninsa cikin dare ba tare da matuƙan sun ankara ba. A 1960 aka gano gawarwakin mafi yawansu, tare da ɗan littafin da ɗayansu ya riƙa rubuta kwanakin tafiyarsu a ƙasa da 'yan kurɓin ruwa. Shekara huɗu ke nan kafin littafin Trevor. Mai karatunsa ya riga ya san abin da ke samun wanda ya bar jirgi ya kama tafiya a ƙafa.

A nan ne ɗalibin Hausa yake da abin da zai ƙara wa nazarin. Hamadar littafin wofi ce, ba rijiya, ba zango, ba sunan wuri mai amfani. Bahaushe kuwa ya san Sahara da hanyoyi. Ayarin Kano yakan bi ta Damagaram da Agadas da Gat zuwa Gadamus da Tarabulus, na Barno ya bi ta Bilma da Murzuk. Ta Murzuk Clapperton ya biyo kafin ya iso Kano da Sakkwato a 1824, ta nan Barth ya biyo a 1850, ta nan kuma Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya ratsa a 1906. Kalmar Turawa ma a Kano Larabawan arewa ta fara nufi, shi ya sa ake da Dandalin Turawa a cikin birni. Hanyar ba ta alheri kaɗai ba ce, bayi ta ɗauka masu yawa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya girmi littafin Trevor da shekara talatin, ya bi da uwar tauraronsa ta Murzuk har Tarabulus tana neman ɗanta. Akwai guguwa da halaka a Saharar Tafawa Ɓalewa, amma akwai alƙali da kasuwa da fatake da gidajen da ake sauka. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ne ya karya wannan fatauci, ya juyar da fata da sauran kayan arewa zuwa Legas. Bayan ayari ya ɗauke ƙafa ne aka sami damar zana wurin kamar ba a taɓa taka shi ba.

'Yan ƙasar da suka bayyana a labarin wasu mahaya raƙuma ne da suka yi zango kusa da tarkacen. Mutum biyu suka je neman taimako wurinsu, aka tsince su a yanke. Iyakar rawar da aka ba su ke nan. Wannan rauni ne a littafin, ko da yake raunin zamaninsa ne gaba ɗaya. Fim ɗin da aka yi da shi a 1965 ma a hamadar Amurka aka ɗauka.

Alhali a shekarun da labarin yake faruwa, samarin makarantar sakandaren Sabha suna kasa kunne ga rediyon Sautul Arab daga Alƙahira, suna jin jawaban Jamal Abdul Nasir a kan sansanonin baƙi. A Oktoba 1961 ɗaya daga cikinsu ya jagoranci zanga-zanga a garin, aka kore shi, ya koma Misrata ya ƙarasa karatu. Sunansa Mu'ammar Gaddafi. A 1963 aka soke tsarin tarayya, Fazan ta daina zama jiha mai gwamnatinta. Ranar 1 ga Satumba 1969 matasan hafsoshi suka kifar da Sarki Idris. Sojan Birtaniya suka bar El Adem a Maris 1970, na Amurka suka bar Wheelus a Yuni, a Disamba 1971 kuma gwamnati ta ƙwace kadarorin kamfanin BP da ke ƙasar.